Tafiyar Ƙasa Zuwa Bakin Galma

Kowa a cikinmu ya san Kogin Galma a kan taswira, da yawa kuma sun haye shi bisa gada cikin mota. Amma wannan sanin shanu ne. Saboda haka cikin hutun da ya wuce muka yi shawara mu shida, mu goya kayanmu mu nufi wani ɗan ƙauye da ke gindin duwatsu a bakinsa, kudu da birni, tafiyar yini biyu. Ga abin da muka koyo, domin waɗanda za su bi bayanmu.

Farkon magana kaya. A zamanin Turawa ɗan alaro ya kan ɗauki kamar laba 60 bisa kansa, ya yi wajen mil 15 a yini. Mu ba 'yan alaro ba ne, laba 20 ta ishe mu: tabarma, bargo, buta, 'yar tukunya, gari, ƙuli-ƙuli, dabino, da goron gaisuwa. Wani cikinmu ya ɗauko ƙamus, wai zai yi nazari a zango. Tun ganuwa ba ta ɓace mana ba ya fara da-na-sani.

Muka fita ta Ƙofar Gayan bayan sallar asuba, Dutsen Kufena na hannunmu na dama. Haka fatake su ke yi, su yi sammako su ci hanya da sanyi, su sauka kafin rana ta take. Wanda ya tsaya jiran hantsi, shi da ƙishirwa.

Amma tun kafin fita akwai abin da ya fi kaya, watau sanin masu ƙasa. Tarihin Zazzau ya nuna haka. Cikin 1827, bayan Kyaftin Kilafatan ya mutu a Sakkwato, baransa Landa ya taso daga Kano ya yi kudu yana nufin Binuwai, ga shi kuwa damina ce. Ya sha wahalar koguna da duwatsu har ya kai wani gari da a ke ɗauka Daroro ne, ta wajen Jama'a. Nan mahaya suka cim masa, suka ce Sarkin Zazzau na kiransa. Tilas ya juyo Zariya, duk tafiyar da ya yi kudu ta zama banza. Mu dai ba mu ɗaga ƙafa ba sai da takardar hakimi, kuma a kowane zango sai mun tambayi lafiyar hanyar gaba. A wannan zamani na 'yan fashin daji, in mai gari ya ce a dakata, to, a dakata.

Ran na biyu da la'asar muka iso mashigi, ƙauyen na tsallake, muna hangen hayaƙinsa. Ƙarshen damina ne, sama garau, ba ko ɗigo. Wani tsoho mai fito ya ce mu kwana nan, ruwa na ƙaruwa. Muka dubi sama muka yi murmushi. Ga abin da muka mance, ko da ya ke mun karanta shi a aji: Galma daga wajen duwatsun ƙasar Jos ta ke tasowa, ruwan da aka yi can shi ke isowa nan daga baya, ko nan ba a yi ba. Tsohon bai san taswira ba, amma ya ga ruwa ya yi ja, yana ɗauke da karmami da kumfa.

Ɗayanmu, wanda ya fi mu iyo, ya shiga da jakarsa ɗaure a baya. Da ruwa ya kai masa ƙirji, bargo ya jiƙe ya yi nauyi, jaka ta juya shi rigingine, ya kasa kwance maɗaurinta. Ba domin tsohon ya bi gaɓa da gudu ya miƙa masa gora ba, da wani labari mu ke rubutawa. A nan muka gane hikimar gammo. Mai kaya a ka, in santsi ya kwashe shi, sai ya ya da kayan ya tsira da ransa. Mai goyo kuwa shi da kayansa ɗaya ne. Saboda haka in za a shiga ruwa a kwance jaka a aza a ka, a riƙe sanda, a fuskanci inda ruwa ke fitowa. In ya wuce ƙugu, a jira kwalekwale.

Muka kwana a gaɓa muna shanya. Da safe tsohon ya fisshe mu biyu biyu.

Abin da ya ba mu mamaki, ƙauyen ba a bakin ruwa ya ke sosai ba, yana can bisa tudu, mata na saukowa nesa da tuluna. Muka ce wauta ce, ashe ba haka ba. Ban da tsoron ambaliya, kurmin bakin rafi shi ne gidan ƙudan tsando, mai sa mutane ciwon barci, shanu kuma sammore. Saboda shi ne, wajen ƙarshen shekarun 1930, aka yi babban aiki a ƙasar Anchau, aka sare kurmin rafuka, aka ta da ƙauyuka, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Kurkunu dai an rabu da shi, cikin 2013 aka tabbatar ya ƙare a Nijeriya. Amma tsargiya na nan, wanka a ruwa mai kwanci inda katantanwa ta ke shi ke kawo ta. Ruwan sha kuwa a tafasa shi, kome haskensa.

Muka yi sallama a zauren mai gari, muka miƙa takarda da goro. Bai buɗe takardar ba sai da aka kawo mana fura. Ya riga ya ji labarinmu tun daren jiya. Ya tambayi wane ne mai iyon, aka nuna masa. Ya dube shi, ya ce a ƙara masa ludayi guda.