Nasiha Ga Mai Haɗa Allon Zane Da Ƙaramar Ƙwaƙwalwa

Idan ƙarshen zangon karatu ya gabato, ɗalibai kuma suka duƙufa kan aikin da za su gabatar wa malamansu, babu abin da ake yawan kawo mini a shagona na gyaran kayan lantarki a nan Jalingo kamar allon LCD mai faɗin ɗigo 128 da tsawon ɗigo 64, kusan kowa yana rantsuwa cewa mataccen allo aka sayar masa, alhali kuwa idan aka yi tahakiki sai a tarar allon lafiyarsa lau, haɗin ne bai cika sharaɗi ba. Tun da yake kayan nan daga Legas ko Kano ake yo odarsu, mayar da su kuma asarar kuɗin mota ce da ta lokaci, na ga ya wajaba in yi bayani.

Asalin mas'alar shi ne alluna iri biyu ne suke yawo a kasuwa, kamanninsu ɗaya, ƙafafunsu 20, amma ai-si ɗin da ke tafiyar da su daban. Na farko KS0108 ne na kamfanin Samsung, na biyu ST7920 na kamfanin Sitronix na Taiwan. Wanda yake son ya bambance su ya juya allon ya karanta rubutun da ke gefen ƙafa ta 15: in ya ga CS1, da CS2 a kusa da ita, to KS0108 ke hannunsa; in kuwa PSB ya gani, ST7920 ne. Wasu kamfanoni suna sauya jerin ƙafafun, saboda haka rubutun jikin allon shi ne hujja, ba zanen da aka kwafo daga intanet ba.

KS0108 ya raba allon gida biyu, dama da hagu, kowane ɓangare da ai-sinsa mai kula da ɗigo 64 sau 64, CS1 da CS2 kuwa su ne suke zaɓar wanda za a yi wa magana. Shi ya sa idan aka ga rabin rubutu ya koma inda ɗaya rabin ya kamata ya zauna, babu wata illa sai musanya wayoyin nan biyu. Sai dai yana da cin waya, domin yana buƙatar takwas na saƙo da biyar na umarni, wato 13, alhali Arduino Uno ƙafafu 20 gare shi duka-duka, biyu kuma hanyar loda shiri ta riƙe su. ST7920 ya fi rangwame, gama idan aka kai PSB ga negetib, wayoyi uku sun wadatar. Amma a kula ƙwarai, akwai allunan da tun daga kamfani aka like PSB da bolt 5 ta bayansu da ɗigon dalma, wanda duk ya kai ta negetib bai gwada da mita ba ya haɗa wuta da wuta ke nan.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ƙafa ta 3, wadda ke daidaita duhun rubutu. Wanda ya saba da ƙaramin allon nan mai layi biyu yakan ɗaura rezista mai juyawa tsakanin bolt 5 da negetib, ya kunna, fitilar baya ta kama, allo ya yi fes babu ko ɗigo, sai ya yanke hukuncin mutuwa. Haƙiƙa KS0108 wutar da ke ƙasa da sifili yake so a wannan ƙafa, allon kuwa da kansa yake samar da ita a ƙafa ta 18, mai suna VEE. Sai a sa rezista ta 10k tsakanin VEE da bolt 5, ƙafarta ta tsakiya ta tafi ta 3, a riƙa juyawa sannu a hankali har ɗige-ɗigen su fara bayyana dishi-dishi, sa'an nan a ɗan koma baya. Kuma tun da ruwan da ke cikin gilashin yana sauya hali da zafi, allon da aka daidaita da sanyin hunturu yakan yi duhu a zafin Maris da Afrilu, don haka kada a binne rezistar inda sukudireba ba za ta kai ba.

Saura batun ma'ajiya. Ɗigo 8,192 ne a allon, wato bayit 1,024, ita kuwa ATmega328P da ke kan Uno bayit 2,048 kacal take da shi na aiki, ga shi hoto ɗaya ya lashe rabi. Idan shirin ya yi nauyi sai na'ura ta riƙa sumewa tana farfaɗowa ba gaira ba dalili. Laburaren U8g2 na Oliver Kraus yana da hanyar zana allon shafi-shafi, wadda bayit 128 ya ishe ta, ko da yake tana rage sauri kaɗan.

Da wani zai tambayi fa'idar wannan wahala, sai in ce allo mai layi biyu bai zo da ƙ da ɗ da ɓ ba, haruffa takwas kawai yake yarda a ƙirƙira masa, amma allon zane kowane ɗigo a hannunka yake, ka rubuta Hausa da ƙugiyoyinta, ko ajami in ka yi haƙurin zana shi, ka kuma nuna wa mai injin ƙyanƙyasar ƙwai yadda zafi ya hau ya sauka cikin dare lokacin da aka ɗauke wuta.

Don haka, ya ku ɗalibai da abokan sana'a, kafin ku zargi mai kaya ku juya allon ku karanta ƙafa ta 15, sa'an nan ku ɗora mita a kan ta 3.