Darasin kariya: Bindiga da dokar ƙasar da ta karɓe mu

Iyaye da 'yan'uwa mazauna Garin Kaka, Cadakori da Ɗan Daji Makau. Darasinmu na wannan fitowa a kan bindiga ne, saboda tambayoyin da ake yawan kawowa ofishin kariya.

Mun san da yawa daga cikin magidantan da suka tsallako daga Zamfara, Sakkwato da Katsina tun 2019 sun taɓa riƙe bindigar toka, wani don farauta, wani don tsare garke a lokacin da 'yan bindiga suka hana kowa barci. Ba mu ga laifin wanda tsoro ya sa ya nemi abin kare iyalinsa ba. Sai dai a nan dokar Nijar ce ke aiki, kuma yarjejeniyar Janeba ta 1951, a sashe na 2, ta wajabta wa ɗan gudun hijira bin dokokin ƙasar da ta ba shi mafaka.

Wani zai ce yana da lasisi. To, a dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959, kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da izinin bindigar toka, Sufeto Janar na ba da na bindigar farauta mai harsashi, manyan makamai kuwa sai da izinin shugaban ƙasa. Ko wacce ce a hannunka, ƙarfinta ya ƙare a bakin iyaka. Jandarma a hanyar Gidan Rumji ba zai karɓe ta ba. A Nijar, mallakar bindiga, yawo da ita ko ɗaukar ta daga wani gari zuwa wani ba tare da izinin hukuma ba laifi ne da ke kai mutum gidan kaso. Katin gudun hijira ba ya kare kowa daga wannan hukunci.

Inda aka fi faɗawa cikin rami shi ne ɗaukar kaya. Dokar ba ta tsaya kan bindiga kaɗai ba, har da harsashi. Ranar kasuwa wani zai miƙa maka ƙullin buhu ya ce ka kai wa ɗan'uwansa, ko ya bar wa uwargida jaka ajiya "zuwa gobe". In aka buɗe a shingen bincike aka tarar da harsasai a cikin gero, wanda kayan ke hannunsa shi za a fara tsarewa, mai kayan kuwa ya yi nisa. 'Yan kabu-kabu da masu amalanke, ku ne aka fi nema da irin wannan aike. Ku sa a kwance kaya a gabanku kafin ku ɗora; wanda ya ƙi, ku bar masa abinsa. Iyaye mata, kada kunyar suruki ko ta maƙwabci ta sa ku karɓi ajiyar da ba ku ga cikinta ba.

Me ya sa ake tsanantawa haka? Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969 ta hana ɗan gudun hijira kai wa wata ƙasa hari da makami, ta kuma nemi a zaunar da shi nesa da iyakar ƙasarsa. Dalilin da ya sa aka kwaso iyalai daga ƙauyukan bakin iyaka zuwa nan ke nan. Matsugunin nan na farar hula ne. Bindiga ɗaya a ƙarƙashin tabarma ta isa ta jawo binciken gida-gida, ta sa masu masaukinmu su fara yi mana kallon zargi, su da suka raba rijiya da gona da mu.

Wanda ya taɓa shiga 'yan sa-kai, ƙofar neman mafaka ba ta rufe masa ba, amma sai ya ajiye makami da gaske, ba da niyyar komawa ba.

Idan akwai bindiga ko harsashi a wurinka, kada ka saɓo ta zuwa ofis, domin a kan hanya kai mai ɗauke da makami ne. Ka zo hannu sake ka yi magana da jami'in kariya a keɓe, akwai tafinta. HCR ba ta karɓar makami kuma ba ta yanke hukunci. Wannan aikin jami'an tsaro ne, tare da CNCCAI, hukumar Nijar mai tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. Namu shi ne mu haɗa ka da su, mu kuma bi maganarka.

A ja wa yara kunne: in sun ga harsashi ko wani baƙon ƙarfe wajen kiwo ko neman itace, kada su taɓa, kada su jefe shi da dutse. Su lura da wurin, su dawo su faɗa wa babba, shi kuma ya sanar da shugaban unguwa ko jandarmomi.