Dutsen Sama a Gonakin Birchi?

Tambaya: Na ji an sayar da wani dutse da ya faɗo daga sama da miliyoyin daloli. Yaya zan nemi irinsa a ƙasarmu? Daga wani mai karatu a Birchi.

Amsa: Malam, labarin gaskiya ne. An tsinci dutsen a yankin Agadez a 2023, aka yi gwanjonsa a Amurka a 2025 a kan fiye da dala miliyan 5. Mu ma Katsina muna da namu: ranar 3 ga Oktoba, 1962, dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a Zagami ta wajen Faskari, kuma masana sun tabbatar daga duniyar Mas ya fito.

Amma kada ka bar noma saboda wannan. Yawancin baƙaƙen duwatsun da za ka gani marmara ce ko kashin ƙarfen tsofaffin maƙera. Na sama yakan fi girmansa nauyi, yana da siririn baƙin ɓawo kamar an babbaka shi, ba ya da ramuka irin na soso, kuma galibi yana jan maganaɗisu. (Na Zagami da kyar yake jan sa, saboda haka maganaɗisu kaɗai bai isa hujja ba.)

Ka duba da rani, bayan girbi, sa'ad da ƙasa ta buɗe. Ka nemi izinin mai gona, kuma ka guji dajin da babu tsaro. In ka samu, kar ka fasa shi, kar ka wanke shi. Ɗauki hotonsa a inda yake, sannan ka kai sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, kafin dillali ya taya maka.