Kafin ka ɗaga hannu a wurin gwanjo

Ɗana, na ji labari kana son ka shiga gwanjon gidajen da gunduma ke sayarwa can Texas. Na yi murna. Mai neman muhalli da guminsa abin a sa masa albarka ne. Amma zauna tukuna mu yi magana.

Ka san yadda gidan ke zuwa gwanjo. Mai shi ya kasa biyan harajin gida, bashi ya taru, kotu ta ba da izini a sayar. A Texas ranar Talatar farko ta wata ake yi. Sai dai ba kowa ke tayawa ba, ko da aljihunsa ya cika. A manyan gundumomin jihar, sai ka nuna shaida daga ofishin haraji cewa kai ma ba a bin ka. Dalilin a fili yake. In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta. Jihar Pennsylvania ma tun 2021 ta ce mai taya ya yi rajista kwana 10 kafin ranar, ya kuma yi rantsuwa a rubuce. A Minnesota an hana ma'ajin gunduma da mai ƙiyasta haraji da ma'aikatansu sayen irin wannan kadara, don kada wuƙa da nama su haɗu a hannu ɗaya.

Ga inda na fi jiye maka. Wata rana aboki zai zo, ya zauna a falonka, ya sha shayi, ya sassauta murya. Zai ce ana bin sa ɗan haraji, ka taya masa da sunanka, shi zai kawo kuɗin. Na san ka da kunya, halin mahaifiyarka ke nan, ba ta iya cewa a'a. To, a nan ka daure. Dokar Texas ta ce takardar mallaka ba ta fita sai da sunan wanda ya ci gwanjon. Harajin baɗi kai za a nema. In rigima ta tashi, sunanka za a kira a kotu, alhali kai baƙo ne mai lallaɓa takardun zama. Zanen aro ba ya rufe katara. Wataƙila abokin ba mugu ba ne, matsi ne ya kawo shi. In kana da hali ka taimaka masa ya biya bashinsa, sannan ya taya da kansa.

Kuma in ka ci, kada ka yi saurin sayen fenti. In gidan zaman mutum ne, yana da shekara 2 ya fanshi abinsa. Zai mayar maka da kuɗinka da ƙarin kashi 25 cikin 100 a shekarar farko, kashi 50 a ta biyu. Wannan ƙarin kuwa, ka tambayi malami hukuncinsa kafin ka karɓa.

Na kan tuna Geraldine Tyler, tsohuwa mai shekara 94 a lokacin shari'arta. Gundumar Hennepin ta jihar Minnesota ta sayar da gidanta dala 40,000 kan bashin wajen dala 15,000, ta riƙe ragowar. A 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta ce gunduma ba ta da wannan iko. Kai ma ka tuna, gidan da za ka taya, wani ya goyi 'ya'yansa a ciki. In ka tarar da mutanen ba su tashi ba, ka yi musu sallama da ladabi, ka bi ta hanyar kotu, kada ka taɓa kwaɗon ƙofa.

Gobe ka fara zuwa ofishin haraji, ka duba ko ana bin ka ko kwabo. Ka gaishe min da maiɗakinka da yara.