Darasi: kalmar "miskili"

A ƙasar Kurfai, daga Filinge har ƙauyuka, mutum mai ɗaure fuska, wanda ba a gane gabansa ko bayansa, shi ake ce wa miskili. Mace miskila. Da yawa miskilai. Halin kuwa miskilanci.

Kalmar daga Larabci ta fito: "mushkil", wato abu mai wuyar warwarewa. Bakin Bahaushe ya mai da ita miskili.

Magabata sun ce: miskili ka fi mahaukaci ban haushi. Mahaukaci bai san abin da yake yi ba. Miskili ya sani. Ranar taron yasar rijiya sai ya yi shiru. Ranar aiki kuma ya ƙi fitowa.

Tambaya: mine ne bambancin miskili da mai kunya?