Yawon Ƙafa a Tsohuwar Ƙasar Kuza: Nazari a kan Duwatsu da Kududdufan Jos

Ɗalibin da yake son ya san yadda harshen Hausa ya sami gindin zama a Filato, ya kamata, kafin ya buɗe littafi, ya taka da ƙafarsa daga Rayfield, kudu da Jos, ya nufi wajen Bukuru. Tafiya ce ta hantsi ɗaya, amma ƙasar da kanta take ba da labari.

Abin da ido zai fara cin karo da shi shi ne duwatsu, wani bisa wani, kamar da hannu aka jera su. Ruwa da rana ne suka yi ta bin tsagar dutsen shekaru aru-aru, suna cinye gefe, har ƙwallayen suka rage a tsaye. Wanda ya fi suna cikin irinsu shi ne Dutsen Riyom. Wannan zaizaya kuwa ita ce ta wanko baƙin yashin kuza daga jikin dutse ta zuba shi a ƙoramu, inda masu haƙa suka tarar da shi.

Da matafiyi ya gangaro, sai ya ga tuddai na jar ƙasa, wasu an dasa musu itacen turare, ga kuma kududdufai masu ruwa shar. Baƙo zai ɗauka tafki ne na Allah da Annabi. Ramukan haƙar kuza ne da aka bari ba a cike ba. Manoma suna jan ruwansu su yi noman rani na dankalin Turawa da kabeji, amma suna da zurfi ƙwarai, kuma sun sha cin mutane da dabbobi. Kyan da ake yaba wa wurin, a gaskiya, tabon rauni ne.

Ba Turawa ne suka fara sanin kuza ba. Tun kafin zuwansu maƙeran Liruwe suna narka ta, fatake suna kai ta kasuwanni. Bayan da kamfanonin Ingila suka kama aikin a farkon ƙarni na 20, sai jirgin ƙasa ya iso Jos daga Zariya a 1914, mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Bauci da Barno. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka shiga ɗibar talakawa ala tilas daga lardunan Arewa har zuwa 1944. Da yawa sanyin tudu da yunwa da cuta suka kashe su. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985.

A nan ne ribar ɗalibin Hausa take. A bakin ramukan nan Bahaushe da Babarbare da Batibi da ɗan Birom suka haɗu, ba mai jin yaren wani, Hausa ta zama harshen aiki da na ciniki. Kalmomin aro irin su lebura da kwangila da bariki suka zama ruwan dare. Ita bariki ma sai ta wuce ma'anarta ta masauki, ta koma nufin rayuwar da ba ta ƙarƙashin idon iyaye, har aka sami ɗan bariki. Ba mamaki da mawaƙin talakan birni, Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, a Bukuru aka haife shi.

Sai dai mai nazari ya yi hattara da sunayen wurare. Garin da taswira ta kira Barikin Ladi, Birom suna ce masa Gwol, kuma gonakinsu ne aka tone aka mai da kududdufan nan. Wanda ya rubuta sunan Hausa kaɗai, rabin labari ya ɗauko.

Haƙar kuzan nan ce kuma ta tono gumakan yumɓu na Nok a 1928, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu. Mai sauran ƙarfi a ƙafa sai ya ƙarasa gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya gan su.