Amsoshin Tambayoyinku: Noma Mai Ɗorewa a Randagi

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Randagi, cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, wanda yake neman sanin ma'anar noma mai ɗorewa, da kuma amfaninsa ga mutanen da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu shekara da shekaru.

Noma mai ɗorewa shi ne noman da yake ciyar da gida bana ba tare da ya gajiyar da ƙasar da za a noma baɗi ba. Tun bayan sulhun da aka yi da 'yan bindigar a Nuwamba 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, manoma sun fara komawa gonakin da suka zama saura, amma wasunsu sun koma hannu rabbana, babu shanun huɗa, babu kuɗin taki.

A nan ne juya shuka yake da rana, wato a shuka waken soya bana, masara baɗi, domin saiwar waken tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, tana kuma rage wuta-wuta, ciyawar nan mai shanye masara tun daga saiwa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin masara mai jure mata. Haka nan barin ɗorawa da kaɗanya a gona ya fi sare su don gawayi, ko da talauci ya matsa.

Sai dai noma mai ɗorewa ba ya yiwuwa sai da tsaro mai ɗorewa, don haka wajibi ne hukuma ta tsare hanyoyin gona har amfani ya shiga rumbu.